Abin da Aka Yanke daga Bankwanar Ketill

Akureyri, ƙarshen Janairu

Inna Arndís,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da kafaɗar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Mama ma tana gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma wurin ninƙaya da safe, inda ita da ƙawayenta suke jiƙa kansu cikin ruwan zafi suna yanke wa gwamnati hukunci. Ni ma ƙalau nake, sai yatsu da iska ta tsattsaga. Da su nake danna wannan saƙo a wayar aiki, in kin ga harafi ya kauce ki yi haƙuri.

Jiya aka tara mu a ɗakin shan kofi, aka kawo kek mai kirim, wani mai kwat daga Reykjavík ya ce kamfaninmu na waya, Tindsími, ya sayi Nesvaktin. Sai da ya sake faɗar sunan na gane jaridar intanet ɗin da kike edita yake nufi. Bessi, wanda yake shugabantar ayarinmu na masu hawa ƙarfen sabis, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai, ba ta innarka ba ce?"

Na ce ai ba innata ba ce ta kusa, kakata da mahaifiyarki ne ciki ɗaya.

"A ƙasar nan ai wannan uwa ɗaya uba ɗaya ke nan," in ji shi. "Ci kek, yau kai ne ango."

Mai kwat ɗin, Hlynur sunansa, bai ci ba. Ya yanka wa kowa, ya riƙe nasa a faranti har ya tafi. Ya yi ta maimaita cewa jaridar za ta ci gaba da rubuta abin da ta ga dama, kamfani ba zai sa mata hannu ba. Abin da na lura shi ne ba wanda ya tambaye shi. Mu masu sifana ne, tambayar da ke ranmu ita ce ko za a ƙaro kek.

Ni dai na yi murna. Ko ba komai za a gyara muku rufin ofishin nan da Mama ta ce kuna tara masa bokiti. Kuma akwai daɗi mutum ya ce shi da innarsa gida ɗaya suke wa aiki.

Aikina yana tafiya. Har yanzu ɗan gwaji ne ni, sai Afrilu za a ce ko an ɗauke ni dindindin. Jira ba ya damuna. Wanda ya bar makaranta ya yi shekaru a tsaye yana yanka kifi ya san jira.

Da kaka mun zo kusa da ke ban leƙo ba, ki yafe mini, ba a bar mu mun kwana ba. Kwarin Kaldárdalur muka shiga, muka kwance tsohon kan sabis daga ƙarfen da ke bisa dutse, don an daina aiki da irinsa. Gida ɗaya ya rage a kwarin, na tsoho Ketill da matarsa Salvör. Da muka sauko ya tare mu a hanya shi da karensa, ya ce ba a wuce ƙofarsa da yunwa. Kyafaffen naman rago ta yanka mana a kan burodi, da kofi mai kaurin da zai tsayar da cokali. Ya leƙa abin da muka ɗaure a bayan mota ya ce, "To, kun yanke wa kwarin kunne. Yaushe za ku ɗinka masa sabo?" Bessi ya ce kafin Kirsimeti, haka aka gaya mana a lokacin. Yanzu na ji an ɗage sai bazara. In kin gan shi a kanti ki gaishe mini da shi.

Ɗanki,
Torfi


Selvík, tsakiyar Maris

Torfi ɗana,

Na ga saƙonka tun tuni, aiki ne ya sha kaina. Kafaɗa tana nan tana gaya mini yanayin gobe, ta fi rediyo gaskiya. Ka gaishe da uwarka, ka ce mata gwamnati ta gode.

Ka ga wannan a takarda ta zo, da kan sarki. Daga yau haka za mu yi. Kada ka ƙara rubuto mini ta wayar aiki, kada ka kira ni da ita. Imel ɗina yanzu a cikin injinan kamfaninku yake kwana, wayarka ma tasu ce. Za ka ce innarka ta tsufa ta fara tsoron inuwarta. Wataƙila. Hlynur ɗin ya zo nan ma, ya sa hannu a wata kyakkyawar takarda da ta ce ba zai taɓa ce mana ku rubuta ko kada ku rubuta ba, muka rataye ta kusa da tukunyar kofi. An gyara rufin. Tun ranar ban ji wani a ofishin nan ya yi ba'a da kamfanin waya ba, alhali da can da ita muke buɗe taron safe. Ba wanda ya hana mu. Wanda ya ci ladan kuturu dai, ka san sauran.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ketill ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Yana zuba wa tumaki ciyawa da safe zuciyarsa ta tsaya. Likita ya ce ko da motar asibiti tana ƙofar gida da wuya a cece shi. Za a binne shi ranar Asabar ta sama.

Rubuce-rubucen bankwana da 'yan uwa ke aiko wa jarida sun fara shigowa. Salvör ta kawo nata da kanta, da hannu ta rubuta. Kusan duka hira take yi da shi, kan karensa, da hular da ya ƙi rabuwa da ita. Sai wannan wuri:

"Ketill, ka yafe mini da na bar ka kai kaɗai cikin tumaki. Na danna wayar nan har yatsana ya gaji. Tun kaka da kamfanin waya ya kwance kayansa daga kan dutsenmu, ya ce zai dawo kafin Kirsimeti, gidanmu ba ya jin duniya, duniya ba ta jin sa. Shi ya sa na hau tarakta na tafi gada neman sabis. Da na dawo ka riga ka tafi."

Ka san yadda abin yake tun kakanninmu: bankwana ta mai ita ce. Ranar jana'iza take fitowa, mu gyara harafin da ya kauce, ba ma taɓa magana. Na taɓa buga wadda ƙane ya tuna wa yayansa cewa har yau bai yarda da inda aka kafa shinge ba. Amma wannan zargi ne a kan kamfani, dole in san gaskiya ne. Ba na son tambayar Hlynur. Saƙonka ya riga ya faɗa mini: kaka, da alkawarin Kirsimeti. Ina so kawai ka tabbatar mini haka ne. Ba zan ambaci sunanka ba ko a mafarki.

Ka amsa da wuri.

Innarka,
Arndís


Akureyri, Maris

Inna Arndís,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, Mama ma lafiya. Na gaya mata rasuwar, ta ce ta san shi tun suna zuwa rawa a zauren ƙauye, kuma bai taɓa iya rawar ba. Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ya cika mini faranti bai san sunana ba.

Abin da Salvör ta rubuta haka yake. Da kaka ne, kuma an ce kafin Kirsimeti. Ni ne a saman ƙarfen, ni na kwance notunan, Bessi yana ƙasa yana riƙe igiya. Ban yi tunanin komai ba a ranar sai iska. Na ɗauka suna da wayar gida. Da muna shan kofi na ga akwatinta a bangon kicin, ban lura an tsinke igiyarta ba sai yanzu da nake tuna hoton ɗakin.

Tun da na karanta wasiƙarki nake juya wani abu. Saƙon nan na farko da wayar aiki na aiko shi, kamar yadda kika ce. Sunan kwarin yana ciki, da Kirsimeti, da ɗagewar. In rubutun ya fito a jaridarki, ba sai an yi bincike mai nisa ba a ga ta ina kika samu ƙarfin bugawa. Mu huɗu ne muka je kwarin, mutum ɗaya ne a cikinmu yake da inna edita.

Ba cewa nake ki cire ba, Inna. Ni wa ne da zan koya miki aikinki? Amma a nan an san ke innata ce. An ce in gaya miki yanzu tukunyarmu ɗaya, a riƙa tausaya wa juna. Haka aka ce, ni kuwa na isar.

Kuma likita da kansa ya ce ba sabis ne ya kashe shi ba. In haka ne, me layin nan zai ƙara wa Ketill a inda yake? Rubutun yana da kyau ko ba shi. Na kare da na hula ma sun isa su sa mutum hawaye.

Afrilu saura kaɗan. Ba na son komawa teburin kifi. Ke kika fi ni sanin abin da ya dace, duk abin da kika yanke daidai ne.

Ɗanki,
Torfi


Akureyri, Maris

Inna,

Ina fatan kina lafiya. Ni ba zan ce lafiya ba. Na kira ki ba ki ɗauka ba, na san dalili, wayar aiki ce, kuma ba ni da wata. Na je gidan waya aka ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kan dutse, motar wasiƙu ba za ta ƙetara ba sai an share. Duk da haka zan jefa wannan, ko Allah zai sa ta riga Asabar.

Ki yaga waccan wasiƙar. Ba wanda ya aiko ni. Bessi ne ya yi maganar tukunya, a ɗakin kofi, bakinsa cike da biskit. Da ya ji rasuwar Ketill sai ya yi abin da ya saba in abu ya dame shi, ya mayar da shi wasa. Bessi ba shi da ikon da ya wuce ya ce wa zai hau, wa zai riƙe igiya. Ko labarin rubutun Salvör bai sani ba, ba wanda ya sani a nan.

Na fara rubuta "Bessi ya ce", na soke, na ɗauki sabuwar takarda na rubuta "an ce". Na san yadda za ki karanta shi. Don ki karanta shi haka na rubuta. Na so ki cire layin, kuma ban so a ce ni na roƙa ba.

Kada ki taɓa mata ko harafi ɗaya. In za a kore ni a kore ni.

Torfi


Selvík, ƙarshen Maris

Torfi,

Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya. Ka gaishe da uwarka.

Na samu saƙon da aka ba ka, na kuma yi abin da ake so. Tun da kai aka zaɓa ka kawo, bari ka ji yadda ya ƙare.

Na cire layin kamfanin. Da na cire shi sai na ga layin danna waya ba shi da wurin tsayawa, kowa zai tambaya me ya hana wayar aiki, sai na cire shi ma. Kalmar sabis ta bi su. Ban kira Salvör ba, don na san amsarta. Ga abin da ya fito da safiyar Asabar:

"Ketill, ka yafe mini da na bar ka kai kaɗai cikin tumaki. Na hau tarakta na tafi gada. Da na dawo ka riga ka tafi."

Na karanta shi ya fi a ƙirga kafin in saka, ban ga abin da na yi ba. Kamfani kawai nake nema a ciki, na ga babu shi, hankalina ya kwanta.

Bayan coci aka taru a zauren ƙauye shan kofi. Fanke, kek, duk abin da ka sani. Ina zaune a teburin da ke kusa da na iyali. Ƙanwar Ketill da ta zo daga kudu, wadda rabonta da kwarin tun tana budurwa, ta ajiye cokali ta ce, da muryar da ta kai har wurin rataye kwat:

"Salvör, na karanta a mota. Wai me kika je yi a gada, mutum yana kwance? Ba waya a gidan ne?"

Salvör tana riƙe da tukunyar kofi, don ta ƙi zama a yi mata hidima. Ta ce, "Tambayi edita." Ta tako ta tsaya a kaina ta cika mini kofi.

"Arndís, na ga kin yi mini gyara. Ashe ban iya rubutu ba."

Na ce tsawo ne ya ɗan yi yawa. Da bakina na faɗi haka, Torfi, da shekaruna da furfurata.

"Tsawo," in ji ta. "Bankwanar da ƙungiyar masu kiwon raguna ta aiko ta ninka tawa, rabinta kuwa ƙahon rago ne. Ita ba ta yi tsawo ba?"

Ta turo kofin gabana.

"Sha kafin ya huce. Ketill ba ya son a bar kofi."

Na shanye. Da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Ranar Litinin na kira Hlynur. Na ce masa saƙonsa ya iso, an yi yadda yake so, kuma ina so ya san bai yi mutunci ba da ya bi ta kan yaro ɗan gwaji. Ya ce wane saƙo? Wane yaro? Bai san Ketill ba, sunan kwarin ma sai da na maimaita masa. Na zauna na ba shi labarin da ba wanda ya ba shi. Da na gama ya ce, "Ni ban aiko kowa ba. Da kin tambaye ni da na ce ki buga, ai ga takarda nan a bangonku. Amma tun da an riga an yi, na gode da kika duba lamarin da idon basira." Na ɗauka ƙarya yake, amma godiyar nan ta fi mari zafi.

Na tuƙa har Kaldárdalur na roƙi Salvör ta bar ni in buga rubutun cikakke, da ban haƙuri a samansa, da sunana. A bakin ƙofa ta tsayar da ni. Ta ce, "Bankwana ranar da aka sa mutum a ƙasa ake yin ta. Ranar ta wuce. Abin da za ki buga yanzu wankin hannunki ne, ba bankwanata ba." Na dawo na rubuta labari a kan kwarin da ba shi da sabis tun kaka, da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. Ba wanda ya hana ni. A kanti an ce Arndís ta zo da ruwa bayan gida ya ƙone. Jiya wani tsohon masunci ya rasu a nan gari, iyalinsa sun aika bankwanarsu jaridar kudu. Tun da aka kafa Nesvaktin ba a taɓa yi mana haka ba.

Arndís

Na riga na liƙe ambulan sai motar wasiƙu ta iso bayan motar share hanya, da wasiƙarka ta biyu. Na buɗe tawa don in ƙara wannan. Ashe Hlynur gaskiya ya faɗa. Kai ka ɓoye sunan Bessi, ni na riƙe almakashi. Ban san wanda zan fi jin haushi ba a cikinmu. Kada ka rubuto sai na neme ka.


Kaldárdalur, Mayu

Inna Arndís,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Mama lafiya, tana tambaya me ya sa ba ta jin ɗuriyarki, na ce aiki ne. Kin ce kada in rubuto, na jira iya jirana. Yau aiko ni aka yi da gaske, kuma a wannan karon zan faɗi sunan wadda ta aiko ni.

An ɗauke ni dindindin. Ba wanda ya ambaci saƙon wayar, ba wanda ya taɓa buɗe shi ma, ina jin. Na sa hannu, aka ba ni sabuwar jaket mai sunan kamfani a ƙirji, aka yi mini tafi. Na shiga banɗaki na daɗe.

Bayan labarin da kika rubuta sai aka matso da aikin Kaldárdalur. Mu aka turo, ayarin da ya kwance. Da muka iso kwanar gidan na ce Bessi ya tsaya. Ya kalli gidan ya ce, "Ni zan duba taya." Tayar ba abin da ya same ta. Yana duƙe a kanta har na shige.

A ɗakin tumaki na sami Salvör, lokacin haihuwarsu ne. Ta durƙusa cikin ciyawa, hannunta har gwiwa a cikin wata tunkiya da ɗa ya zo mata a karkace. Ta ɗago ta kalli jaket ɗina, sannan ta kalli fuskata.

"Kai ne na kaka. Mai cin nan."

Na ce ni ne.

"To kada ka tsaya mini kamar turke. Riƙe mini kanta."

Na durƙusa na riƙe. A haka na gaya mata, ina kallon kunnen tunkiya, don ya fi sauƙin kallo. Na ce Arndís innata ce, ni na rubuta mata na sa ta ɗauka manyan kamfani ne suke so a cire. Ta ci gaba da lalube har ta samo ƙafafun, ta jawo shi, ta share masa hanci da ciyawa, ta tura shi gaban uwarsa. Sai da ya yi atishawa ta yi magana.

"Kai wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Ita wa ya aike ta?"

"Ni."

"Ikon Allah," in ji ta. "Kamfani ya sayi jarida, ko baki bai buɗe ba, ɗan sifana ya yi masa aikin kyauta."

Ta wanke hannu a bokiti, ta ce in biyo ta. Na ɗauka kora ce. Kicin ta shiga, ta fito da rubutun, wanda ta kwafa wa kanta kafin ta kai miki. Ta sa hular Ketill, muka taka zuwa ɗan cocin nan na bakin kwari. Kabarin bai yi ciyawa ba tukuna, gicciyen katako ne kawai. Karen ya riga mu, ya kwanta a gefe kamar wurinsa ne.

Ta miƙa mini takardar. Na ce na ji kin gaya wa Inna ranar ta wuce.

"Ranar mutane ta wuce. Shi ina za shi? Shi na rubuta wa, kuma bai ji ba. Na zo nan na gwada, duk lokacin da na kai gada muryata sai ta tsaya. Kai da ka iya aika saƙo, isar da wannan."

Inna, kin san karatuna. A zuci ina lallaɓawa, a fili kuwa tun ina makaranta harshena yake harɗewa. Ga iska tana neman ƙwace takardar, ga rubutun hannu irin na da. Na fara a hankali.

"Ɗaga murya," in ji ta. "Kunnensa na hagu ya riga shi mutuwa da shekaru."

Na ɗaga. Na karanta na kare, karen ya ɗaga kai. Na karanta na hula. Inda na yi tuntuɓe ta gyara mini ba tare da ta kalli takardar ba. Na zo kan layukan da kika sani. Na faɗe su da ƙarfi, kamfanin waya ya kwance kayansa daga kan dutsenmu, ina tsaye da sunan kamfanin a ƙirjina, dutsen yana bayana. Na wuce gada. Na kai "ka riga ka tafi." Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar ta ninke ta sa a aljihu, ta ce wa gicciyen, "To, ka ji dalili." Muka juyo.

A hanya na tambaye ta ko yanzu za ta bar ki ki buga. Ta ce a'a, kuma kada a ƙara tambayar ta, wanda aka rubuta wa ya ji. Don haka wannan ya rufe, Inna. Mutanen gari za su zauna da abin da muka ba su, ƙanwarsa ma haka.

Ban tambaye ta ko ta yafe ba, ita ma ba ta ce ba. Ba ta ce in shigo in sha kofi ba. A ƙofar ɗakin tumaki ta tsaya ta ce, "Gobe kuna kan dutse, ko?" Na ce e. Ta ce, "To ka rubuta wa innarka, ka ce Salvör ce ta ce, ka rubuta sunana da kyau. Ta zo da takalmin roba. Akwai sauran tumaki da ba su haihu ba, kuma ba ni da mai riƙe mini kai."

Na isar.

Ɗanki,
Torfi